Masu Bin Sawun Ruwa a Cikin Teku

Ga wanda ke tsaye a gaɓa, ruwan teku duk ɗaya ne. A wajen masanin teku kuwa hawa-hawa yake, kowane hawa da asalinsa. Zai ɗebo ruwa daga zurfin mita 1,000, ya auna sanyinsa da gishirinsa kawai, ya faɗa maka inda ya fito, kamar yadda dattijo ke gane asalin baƙo daga tsagar fuskarsa.

Duk sirrin yana ga nauyi. Sanyi na ƙara wa ruwa nauyi, haka ma gishiri. Can kudancin duniya, ruwan da ke kewaye da Antaktika sanyi ƙarara ne, amma narkakkiyar ƙanƙara da ruwan sama sun rage masa gishiri. Inda ya yi karo da ruwa mai ɗumi daga arewa sai su gauraya. Gaurayen ya fi na sama nauyi, bai kuma kai na ƙasa ba, don haka sai ya nutse zuwa wajen mita 800 ko 1,000, ya shimfiɗe a tsakiya, ya nausa arewa sannu a hankali. Tunda rana da iska sun daina taɓa shi, shaidarsa ba ta gogewa da wuri.

A 1916 Bjorn Helland-Hansen, mutumin Norway, ya fito da dabarar zana awon gishiri da na zafi a takarda ɗaya, yadda kowane ruwa zai fito da kamanninsa. Georg Wüst na Jamus kuma ya nuna iyakar gwanintar. Daga 1925 zuwa 1927 jirgin bincike Meteor ya yi ta kai da komowa a kudancin Atlantika, ana zura kwalabe a jikin waya, ana rufe su a zurfin da ake so don ɗebo ruwa a auna. Da wannan awo Wüst ya bi sawun ruwan nan mai ƙarancin gishiri har ya ga ya tsallake layin da ya raba duniya kudu da arewa. Bambancin da ya bi bai kai giram ɗaya na gishiri a kilo ɗaya na ruwa ba. Aiki ne na mai haƙuri, wanda hannunsa ba ya rawa.

Yau na'urori kusan 4,000 na shirin Argo ke nutso zuwa mita 2,000 duk kwana goma suna aiko da awo, amma har yanzu da zanen Helland-Hansen ake karanta shi.