Masu Farautar Magani a Cikin Ganye

Duk ganyen da ka gani kore shar, ba tabo ba rami, yana da baƙi a cikinsa. Akwai fumfuna iri-iri da ke zaune a cikin ganye da ɓawo da saiwa, suna ci daga abincin tsiron ba tare da sun sa masa cuta ba. Kusan duk tsiron da masana suka bincika sun tarar da su. Wasu daga cikinsu suna biyan kuɗin haya da sinadaran da ke korar ƙwari, ko kashe wasu ƙwayoyin cuta da ke son shigowa. Waɗannan sinadarai ne masu neman sabbin magunguna ke farauta, kuma farautar sana'a ce mai buƙatar hannu da haƙuri da gaskiya.

Gwanintar tana farawa tun daga daji. Gary Strobel na Jami'ar Jihar Montana a Amurka, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki, ba kowane tsiro yake tsinka ba. Yakan nemi wanda ke rayuwa a wuri mai wuya, ko bishiyar da ta daɗe a duniya, ko wadda mutanen wurin suka gaji yin magani da ita. Dalilinsa a fili yake: tsiron da ya jure fari da danshi da ƙwari shekaru aru-aru, mai yiwuwa akwai mai taya shi daga ciki.

Da an kawo reshen ɗakin bincike sai aiki mafi laushi ya taso. Bayan ganye cike yake da ƙura da ƙwayoyin halittar da iska ta kwaso, kuma ba su ake nema ba. Sai a wanke shi, a tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a mayar da shi ruwan bilic, sannan a ɗauraye da ruwan da aka dafa aka kashe duk abin da ke cikinsa. A nan ake gane gwani. In ya gaggauta, na waje za su tsira su ɓata masa aiki. In ya daɗe, bilic ya ratsa ganyen ya kashe na cikin. Ganye mai taushi daban, ɓawo mai kauri daban, kuma hannu ne ke koyon bambancin. Mai aiki da gaskiya yakan danna ganyen da ya wanke a kan wani kwanon gwaji daban ya ajiye. Idan wani abu ya tsiro a wurin, wankin bai yi ba, sai a sake daga farko.

Daga nan sai a yayyanka ganyen ƙanana da wuƙar da aka ƙona, a jera a kwanon gilashi mai murfi, a kan wani abinci mai daskarewa da aka haɗa da ruwan dankali da sukari. Bayan 'yan kwanaki, wani lokaci makonni, sai zaruruwa farare sirara su fara leƙowa daga bakin yankan. Mai binciken yana duba su kullum, domin mai saurin girma yakan danne mai nawa, alhali sau da yawa mai nawar ne ba a taɓa gani ba. Da tsinin allura zai ɗauke kan zare guda ya kai sabon kwano, ya maimaita har ya sami iri ɗaya tsantsa. Sannan a karanta ƙwayoyin gadonsa don a san ko wane ne, a rene shi da yawa a ruwan abinci ko a kan dafaffiyar shinkafa, a tatso sinadaransa, a gwada su a kan ƙwayoyin cuta ko ƙwayoyin sankara.

Labarin da ya jawo hankalin duniya ga wannan fanni shi ne na Taxol, maganin sankara da aka samo daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka ta Arewa. Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarinsa a 1971, aka amince da shi don sankarar ƙwan mace a 1992. Amma bishiyar mai nawar girma ce, kuma saɓe mata ɓawo kisa ne. A 1993 Andrea Stierle da Donald Stierle da Strobel suka ba da rahoton cewa wata fumfuna da suka ciro daga bishiyar tana yin Taxol. Abin da ta bayar ɗan mitsitsi ne, bai isa kasuwa ba, kuma daga baya wasu masana a Jamus suka bincika ƙwayoyin gadonta ba su ga hanyar haɗa maganin ba. Wannan gardama ta ƙara wa sana'ar tsauri: yau ba a yarda da da'awa sai an tabbatar sinadarin ba ragowar na tsiron ba ne.

Akwai kuma wata matsalar. Fumfuna da yawa, idan aka raba su da tsironsu aka yi ta juya su daga kwano zuwa kwano, sai su daina yin sinadarin. Gwanaye sun koyi lallashinsu: a sauya abinci, a ƙara gishiri, a rage iska, ko a haɗa su kwano ɗaya da wata ƙwayar halitta don kishiya ta tayar musu da makamansu. Iri guda yakan ba da sinadarai mabambanta idan yanayinsa ya sauya.

Ribar wannan haƙuri ta fara isowa gare mu. A 1992 masu bincike na kamfanin Meiji Seika a Japan suka bayyana wani sinadari mai kashe tsutsa, daga fumfunar da aka samu a ganyen furen kameliya. Daga gare shi aka ƙera emodepside, wanda aka fara amfani da shi wajen kashe tsutsar cikin kyanwa da kare. Yanzu ƙungiyar DNDi tare da kamfanin Bayer suna gwada shi a kan mutane, har a ƙasar Gana, don cutar makanta ta bakin kogi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa, wadda kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ta fi addaba. Maganin da ake rabawa yanzu, ivermectin, 'ya'yan tsutsar yake kashewa, shi ya sa ake shan sa shekara da shekaru. Fatan da ake yi shi ne sabon ya kai ga iyayen. A 2023 kuma aka wallafa sakamakon gwajinsa a tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda ya yi aiki sosai a kan tsutsar hanji.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne matakin farko na aikin bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba: sifirit, bilic, dankali, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, da ɗalibi mai tsabtar hannu. Na'urori masu tsada sai a ƙarshe, kuma ana iya haɗa gwiwa a kansu, musamman tunda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗauki tsiro a cikinta tana da haƙƙi a ribar. Marke da sabara da maɗaci da ƙirya sun cika sharuɗɗan Strobel: sun jure zafi da fari, kuma kakanninmu sun daɗe suna magani da su. Ya kamata mu horar da matasan da za su iya wannan aiki, mu kuma hana gatari gama da itatuwan kafin a san abin da ke cikinsu.