Sauke Gari, Loda Gari: Gwanintar Ranar Asabar a Tashar Miami

Tun daga Janairun 2024, duk ranar Asabar da sanyin safiya, jirgin ruwan nan Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean yakan shigo ta mashigin ruwan Government Cut ya jingina da gaɓar tashar Miami, a jihar Florida ta Amurka. Tsawonsa mita 365 ne, hawansa 20, ɗakunan kwanan baƙi sun haura 2,800. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata wajen 2,350. Jirgin yawon shaƙatawa ne, irin wanda mutum kan biya kuɗi ya yi mako guda a ciki, ana ci ana sha ana zaga tsibiran Karibiyan. Yabo yakan tafi wajen maƙeran da suka haɗa shi a birnin Turku na ƙasar Finland, kuma sun cancanta. Amma ni waɗanda suka fi burge ni su ne mutanen da za su kwashe dubban baƙin makon jiya da komatsansu, su share, su wanke, su loda abincin mako guda, sannan su zuba wasu dubban, duk tsakanin asuba da bayan la'asar. Wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san wahalar tattara mutum ɗari biyar da kayansu a shigar da su jirgin sama ɗaya. To nan ninkin wannan ne har sau goma sha biyar, kuma ba a kwana.

Aikin yakan soma tun daren Juma'a, jirgi na tsakiyar teku. Masu sauka za su fito da akwatunansu su ajiye a bakin ƙofar ɗaki, kowanne an ɗaura masa takarda mai lamba. Ma'aikata su kwana suna bin lunguna suna kwashewa zuwa ƙasan jirgi. Da safe a fitar da su, a jera a zauren tasha lamba-lamba, sannan a riƙa kiran masu su rukuni-rukuni. Akwai kuma ƙa'idar da ba ta da makawa: jami'an kwastan da tsaron iyaka na Amurka ba sa barin sabon fasinja ya taka jirgin sai lissafin tsofaffin ya koma sifiri. Ko wanda ya biya kuɗin mako biyu a jere sai an tantance shi sabo. Saboda haka mutum ɗaya da ya sharɓi barci a hawa na goma sha ɗaya zai iya tsayar da dubbai a waje. Nemo irin wannan mutum, a taso shi cikin lalama ba tare da ɓacin rai ba, shi ma aiki ne da yake da masu shi.

Su kuwa masu shiga, an fara sarrafa su tun suna gidajensu. Kwana 45 kafin tafiya kamfanin yakan buɗe rajista a manhajar waya. Mutum ya ɗauki hoton fasfonsa da na fuskarsa, ya sa lambar katin banki, ya zaɓi rabin awar da zai iso tasha. Wannan zaɓin lokaci, wanda fasinja ke gani kamar alfarma aka yi masa, shi ne ƙashin bayan shirin gaba ɗaya. Taron mutum dubu bakwai babu ƙofar da za ta haɗiye shi a lokaci guda, amma idan aka yayyanka shi gunduwa-gunduwa tun bai taru ba, aka shimfiɗa shi daga hantsi zuwa bayan azahar, sai ya zama ruwa mai gudu. Hatta hanyar mota an yi mata tanadi. Tashar tana kan tsibirin Dodge ne, kuma a 2014 aka buɗe hanyar ƙarƙashin ruwa da ta haɗa ta da babban titi, don manyan motocin kaya da na fasinja su daina kutsawa ta tsakiyar gari. Tashar da fasinjojinta suka wuce miliyan 8 a shekarar 2024 ba za ta zauna da hanya ɗaya ba.

Mutum na farko da fasinja zai yi ido huɗu da shi ɗan dako ne, kuma a ganina a nan gwanintar ta fi fitowa fili. 'Yan dakon nan ba ma'aikatan jirgi ba ne, ma'aikatan tasha ne 'yan ƙungiyar ƙwadago ta masu lodin jiragen ruwa, kuma da yawansu sun tsufa a bakin wannan titi. Kafin direba ya gama buɗe but, ɗan dako ya riga ya ƙirga akwatunan da ido. Hannu ɗaya ya kama mariƙi, ɗayan ya juyo takardar da aka liƙa, ya karanta lambar ɗaki, wadda a cikinta yake gane hawa na nawa ne, kuma ta goshin jirgi ne ko ta baya. Takardar da aka ɗaura sakwa-sakwa ya san ba za ta kai ba, sai ya zaro abin maƙala takarda daga aljihu ya danna mata ƙarfe biyu. Akwatin da ya zo babu takarda kuwa, ya duba jerin sunaye ya rubuta masa sabuwa nan take. Sannan ya yi tambayar da take ceton tafiyar mutane da yawa: fasfo da magani suna hannunka, ko suna cikin akwatin nan? Domin da zarar akwati ya shiga kejin ƙarfe, ƙaramar motar ɗaga kaya ta sure shi, nemo shi cikin dubban 'yan uwansa sai an sha wuya, mai shi kuma ba zai wuce wurin tantancewa ba sai da fasfo. Al'ada ce a miƙa wa ɗan dako tukuicin dala ɗaya ko biyu a kan kowane akwati. Wanda ya ga yadda yake aiki cikin zafin Florida ba zai ji ƙyashin bayarwa ba.

Akwatin zai bi tasa hanyar, mai shi ya bi tasa. Ta baya ana wuce da kaya ta na'urar haska ciki. Binciken nan ya ƙara tsauri ne bayan harin 11 ga Satumban 2001, da aka kafa dokar tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu ta duniya, wadda ta fara aiki a Yulin 2004. Sai dai abin da masu bincike suka fi kamawa ba makami ba ne. Dutsen guga ne, da kyandir, da butar dafa ruwa ta lantarki, da tukunyar shisha, da kwalaben giya da aka naɗe cikin tawul. Babu abin da matuƙan ruwa ke tsoro kamar gobara, shi ya sa duk abin da ke yin zafi ake riƙe shi. Wanda ya ga dare ya yi akwatinsa bai iso ba, sai takarda ta zo cewa ya sauko ƙasa ya buɗe a gaban jami'i, to ya san laifinsa. A ajiye masa kayan, ya karɓa ranar sauka.

Shi kuwa fasinja yana cikin zauren tasha, wanda Royal Caribbean ya gina wa kansa ya buɗe a 2018. Da can dogayen tebura ne da layuka masu lanƙwasa kamar maciji. Yanzu ma'aikata ne tsaye da 'yan ƙananan kwamfutocin hannu, su suke tarar mutum. Kamfanin ya ɗora wa kansa burin mutum ya fita daga mota ya tsinci kansa cikin jirgi a minti goma, kuma wanda takardunsa suke daidai yakan kusanci hakan. Ma'aikaciyar za ta haska lambar da ke wayarsa, ta dubi fasfo, ta dubi fuska, ta yi masa barka da zuwa. Kamar wasa. Amma a cikin wannan ɗan lokaci ta duba abubuwa da yawa da bakinta bai faɗa ba. Shin sunan tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi? Wa'adin fasfon ya kusa ƙarewa? Wannan baƙon, mai fasfon Najeriya ko Gana ko Indiya, bizarsa ta Amurka mai shiga da yawa ce, tunda jirgin zai fita ƙasar ya dawo? Jaririn nan ya cika wata shida? Matar nan cikinta bai shiga mako na 24 ba? Yaron da ya zo da kakarsa, akwai takardar amincewar iyayensa?

Inda ake gane ƙwararriya shi ne ranar da amsar ta zama a'a. Iyali sun tara kuɗi shekara guda, sun yi tafiyar kwana, ga jirgin nan suna gani ta taga, amma takarda ɗaya ta gaza. Ba za ta ɗaga murya ba, ba kuma za ta bar su tsaye suna toshe hanya ba. Za ta ja su gefe ta haɗa su da shugabanta, a nemi mafita idan akwai, a kira gida a turo hoton takarda idan doka ta yarda da hoto. Idan babu mafita, a faɗa musu gaskiya a keɓe. Na bayansu a layi ba su ma san an yi ba.

Daga nan sai gadar shiga. A bakin ƙofar jirgi jami'in tsaro zai sake haska lamba, hoton mutum ya bayyana a allonsa, na'ura ta yi ƙara, lissafi ya ƙaru da ɗaya. Da wannan lissafi kyaftin yake sanin ko su wa ke cikin jirginsa a kowane lokaci, har ƙarshen tafiya. Katin da fasinja zai tarar cikin ambulan a ƙofar ɗakinsa shi ne makulli, shi ne kuɗi, shi ne shaidar fita da shiga a kowane tsibiri.

Sai dai ɗakin ba ya samuwa sai wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ƙofofin lungunan a rufe suke, a bayansu masu gyaran ɗaki na ta tsere da agogo: cire zanen gado, shimfiɗa sabo, wanke banɗaki, goge duk inda hannu ke taɓawa, saboda cutar amai da gudawa ba ta da wuyar yaɗuwa a jirgi, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana kawo ziyarar bazata ta ba da maki. To ina za a kai dubban mutanen da suka riga suka shigo? Sai aka buɗe musu ɗakin cin abinci a can sama, aka sa kiɗa a bakin wurin wanka. Mai jin yunwa da aka aza wa faranti ba ya tambayar ɗakinsa. Wannan dabara ta fi kowace burge ni, don jira ne aka yi masa ado har mai yinsa bai san yana yi ba. A daidai lokacin kuma, can ƙasa ta ƙofofin gefen jirgi, tireloli na sauke nama da kayan lambu da gari da ƙwai, ana fitar da shara, wasu ma'aikatan da kwantiraginsu ya ƙare suna sauka, sababbi suna hawa.

Abu ɗaya ne ba a yi wa kowa sassauci a kansa, wato sanin wurin taruwa idan hatsari ya auku. A da dokar kiyaye rayuka a teku, wadda asalinta ya samo daga nitsewar Titanic a 1912, ta ba da sararin awa 24 bayan hawa kafin a yi wa fasinjoji wannan atisaye. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bar tashar Civitavecchia ta Italiya da daddare, bayan 'yan sa'o'i ya daki dutse a gefen tsibirin Giglio ya kife a gefe guda, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu komai ba, an bar atisayen sai washegari. Bayan wata guda manyan kamfanonin jiragen yawon shaƙatawa suka ɗaure kansu da yin atisayen kafin tashi, daga farkon 2015 kuma dokar duniya ta ce a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Shekaru ana yin sa ta hanyar jera jama'a kafaɗa da kafaɗa a rana. Annobar korona ce ta sa aka sauya. Yanzu mutum zai kalli yadda ake sa rigar ceto a wayarsa, ya saurari jiniyar gaggawa, gajeru bakwai da doguwa ɗaya, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa wurin da aka rubuta masa, ma'aikaci ya haska katinsa. Ƙananan yara a ɗaura musu abin hannu mai lambar wurin, don in an rabu da iyaye a san inda za a kai su. Waɗanda suka yi biris kuwa, za a yi ta kiran su ta lasifika har sai sun zo.

Ana rufe rajista tun da sauran lokaci, domin doka ta ce a miƙa wa hukumomin Amurka cikakken jerin sunayen mutanen jirgi awa guda kafin ya tashi. Shi ya sa wanda ya iso a makare, ko da jirgin na nan ɗaure yana kallon sa, ba za a buɗe masa ba. Mutane kan ga kamar rashin tausayi ne. Amma an riga an ba jirgin lokacin fita ta mashigi, jagoran ruwa na tashar ya hau don ya fitar da shi, wasu jiragen na jiran nasu layin, kuma akwai tsibirin da ake sa ran isa a kan kari. Wanda jirginsa na sama ya yi jinkiri ya rasa na ruwa, sai dai ya bi shi zuwa zango na gaba da kuɗin aljihunsa, in ma an amince masa. Saboda haka tsofaffin matafiya ba sa sayen tikitin isowa Miami ranar Asabar, tun Juma'a suke zuwa su kwana a otal.