Hannun Gwani: Masu Zane a Bango, a Allo da Jikin Mota

Duk wanda ya bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ya ratsa ta Ruwan Godiya, ba zai ga gidan ajiye zane-zane ba, ba kuma zai ga shagon da ake sayar da hoton fenti na ratayawa a falo ba. Mai gaggawa sai ya yanke hukunci cewa wannan yanki ba shi da masu zane. To amma ya dakata ranar kasuwar Sheme ya dubi bayan motocin da ke lodin shanu da masara. Ya leƙa zauren malamin allo ranar da almajiri zai yi sauka. Ya ɗaga kai ya dubi goshin wani tsohon soro da damina ba ta gama cinyewa ba. Zane yana nan, masu yinsa ma suna nan. Abin da ya ɓoye su shi ne Bahaushe bai saba ware zane ya ba shi ɗaki nasa shi kaɗai ba. Yakan ɗora shi ne a kan abin da ake mora, bango ko allo ko riga ko ƙwarya ko mota, in abin ya tsufa zanen ya tafi tare da shi.

Saboda haka, wanda ke son fahimtar mai zane a ƙasar Hausa dole ya fara da tambayar a kan me yake zanen, domin abin da yake zane a kai shi ke koya masa yadda zai yi tunani.

A ɗauki magini. Aikinsa yana farawa tun kafin a ga ko layi ɗaya. Za a haƙo birji, a kwaɓa da ciyawa da kashin dabbobi, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa har ya yi danƙo. Bayan an tayar da bango da tubali an yi yaɓe, sai gwani ya hau tsani tun bangon yana ɗanye. Babu takarda a hannunsa. Da yatsu yake jan layi, ko kuma ya riƙa ɗora ƙasa kaɗan-kaɗan yana tayar da siffa har ta fito ta yi tudu a jikin bango. Rana tana bin sa a guje: in yaɓe ya bushe kafin ya rufe dagin da ya buɗe, aiki ya ɓaci. Shi ya sa zanen magini yake da wata irin gaba gaɗi da ba a samu a aikin da aka goge aka sake. Layinsa ba ya kame-kame. Ko inda ya karkace, za ka ga karkacewar mai tafiya ce, ba ta mai shakka ba. A ƙarshe a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta kare bangon daga ruwa, wani wurin kuma a bi da farar ƙasa. Mutanen Ƙanƙara ba baƙi ba ne ga wannan, tunda ƙasarsu ta yi suna da arzikin farar ƙasa da har masana'antun fenti suke nema.

Yaron magini ba a zaunar da shi a ce yau za a koya masa dagi. Yana farawa da ɗibar ruwa da taka kwaɓi da jefa tubali sama, yana kallon hannun maigidansa shekara da shekaru, har wata rana a ba shi gefen da ba a cika kallo ba a ce ya gwada. Ilimin yana shiga ta ido ya zauna a kafaɗa da wuyan hannu. Wannan ne ƙarfin sana'ar, kuma nan ne rauninta, domin abin da ba a rubuce yake ba yana iya yankewa cikin zamani ɗaya.

Akwai masu cewa irin wannan zane ba shi da mai shi, wai al'ada ce kawai ake maimaitawa. Tarihin Zariya ya ƙaryata su. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na birnin, da bakan gizonsa masu tsayi da zanen da ya tayar a jikin ginshiƙai. Har yau akwai unguwa mai sunansa a Zariya. Ana ba da labari cewa bayan ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini, sarkin ya sa an kashe shi don kada ya sake yi wa wani irinsa. Labarin baka ne, amma ya nuna abin da mutane suka yarda da shi: kyawun ginin yana cikin kan mutum guda, in an kawar da shi ba wanda zai maimaita. Birnin Gwari kuwa maƙwabciyar Sabuwa ce, don haka labarin ba na nesa ba ne ga mutanen wannan yanki. Masanin gine-gine Hamman Tukur Saad ya yi nazari mai zurfi a kan matsayin gwani a tsakanin maginan Hausa, ya nuna cewa su kansu maginan suna bambanta mai bin sawu da mai ƙirƙira.

Kuma maginan ba su tsaya a kan dagi da takobi ba. Da zamani ya kawo keke da agogo da mota da jirgin sama, sai ga su a bangon gidajen attajiran Zariya. Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya yi dogon bincike a kansu. Abin sha'awa a gare ni shi ne yadda magini ya karɓi keke. Bai yi ƙoƙarin ya sa shi ya yi kama da na gaske ba. Ya mayar da shi da'ira biyu da 'yan layuka, ya zaunar da shi a tsakanin sauran siffofi har ya zama ɗan gida. Da siminti ya shigo ma hannun bai tsaya ba, sai aka koma karce zane a jikin ɗanyen siminti a bi da fenti kala-kala, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwannin Kano da unguwar Birni ta Damagaram.

Mai zayyana kuwa halinsa daban ne ƙwarai. Shi ba abin da ke korarsa. Yana zaune a kan buzu da alƙalamin kara da ƙananan kwalaben tawada, baƙa da ja da rawaya da kore, yana auna allon sauka, yana raba shi gida-gida kafin ya ɗiga komai. In magini yana aiki da kafaɗa, shi da numfashi yake aiki, domin ɗigo ɗaya da ya zarce layi yana iya ɓata aikin kwanaki. Fatiha da farkon Baƙara suna zaune a tsakiya, zayyana tana kewaye da su tana yi musu hidima, ba ta isa ta shiga gabansu ba. Haka abin yake a Alƙur'ani rubutun hannu, inda ake ƙawata alamar hizifi da rubu'i da wurin sujada. A wannan fage ma akwai sunaye. Rubutun Sharu Bala na Gabari a Kano ya shiga ɗab'i ya bazu, har almajiran da ba su taɓa taka Kano ba sun san hannunsa da gani. Daga wannan gida na masu allo ne kuma aka sami da yawa daga cikin masu zana wa maɗinka aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga, abin da David Heathcote ya bibiya sa'ad da yake koyarwa a Zariya, kafin ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976.

Ba za a yi maganar zane a ƙasar Hausa a tsallake batun addini ba. Hadisan da suka yi gargaɗi game da suranta abu mai rai sanannu ne, kuma sun yi tasiri na gaske. Amma ban yarda da masu cewa sun kashe zane ba. Sun karkatar da shi ne zuwa ga lissafi da saƙa da maimaici, inda Bahaushe ya kai matuƙa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin bin layin dagi da yatsa, ya ga yadda yake shiga ƙarƙashi ya fito sama ba tare da an ga inda ya fara ba, ya san wannan ba aikin mai neman mafaka ba ne. Tunani ne cikakke.

Inda aka saki jiki shi ne a jikin mota. Mai fentin manyan motoci masu bodin katako ba ya tsoron zaki, ba ya tsoron mikiya ko dawisu ko doki a guje. Yana aiki da fentin mai da burushi, yawanci a bakin gareji, direba ko mai mota na tsaye a kansa yana faɗin abin da yake so. Shi ma yana da ƙa'idarsa: zanensa za a gan shi ne daga nesa, cikin ƙura, yana tafiya. Don haka launi ya zama mai ƙarfi, gefen siffa ya fita sosai, rubutu ya yi kauri da inuwa, ko da boko ko da Larabci. Addu'a da habaici da kirarin mai mota duk suna samun wuri. 'Yan boko sukan raina wannan aiki, su ce zakin bai yi kama da zaki ba. Ai mai fentin ba hoton zaki yake nema ba. Yana so wanda ke bayan motar ya ji cewa mai ita ba kanwar lasa ba ne, kuma in aka auna shi da wannan ma'auni sau da yawa ya ci nasara. Shi ne kuma yake zana kawunan aski a ƙofar shagon mai aski, da kofin shayi a teburin mai shayi, da taswirar zuciya da huhu a bangon firamare.

Sai hanya ta huɗu, wadda ta zo da fensir da kyalle da digiri. An kawo sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya zuwa Zariya a 1955, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Sun ƙi yarda a koya musu zane kamar suna Landan. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarun Turawa a haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ga rayuwar Yarabawan Legas. Wannan yunƙuri ya canza fasahar Nijeriya baki ɗaya, kuma abin alfahari ne cewa a ƙasar Zazzau aka haife shi.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tsakanin Samaru, inda jami'ar take, da birnin Zariya tafiya ce ta ɗan lokaci, amma tazarar da ke tsakanin ɗalibin zane da jikokin Babban Gwani ta fi haka nisa. Ba a ce ba a yi komai ba. Clara Ugbodaga-Ngu, wadda ta koyar a sashen tun farko, ta sha daga siffofin adon Hausa, Jimo Akolo ya zana makaɗa da mahaya dawakin Arewa, Gani Odutokun da ya rasu a 1995 ya kalli bangon Hausa da idon girmamawa. Amma galibi siffar aka ɗauko, aka baro mai ita a kan tsaninsa. Magini ya zama abin nazari, ba malami ba. Da a ce an saba ɗauko Sarkin Magina ya tsaya gaban aji, ya sa ɗalibai su cuɗa ƙasa su yi tsere da rana, da yaron da ya taso daga Faskari ko Sabuwa ya shiga wannan sashe bai ji kamar ya bar gida ba, da iyayensa ma ba su ɗauki karatun zane a matsayin ɓata kuɗi ba.

Yau dagi yana ko'ina. Yana jikin hula da tambarin ƙungiyoyi da ƙofar ƙarfe da katin biki. Mai kwamfuta yana sauko da shi daga intanet cikin daƙiƙa, ya buga a bana. Mai shagon da a da zai kira mai fenti yanzu bana yake bugowa daga Funtuwa, mai adaidaita sahu kuma sitika yake mannawa. Ba na zargin kowa, kuɗi ne ke magana, kuma cikin matasan da ke aiki da kwamfuta akwai masu ido. Amma dagin da aka kwafo iri ɗaya ne daga Sakkwato har Maraɗi, alhali na magini yakan canza da faɗin bango da laushin ƙasa da halin maigidan da ya ba da aiki. A yankin Sheme da Ƙanƙara kuma an sami wata musiba da ta ƙara hanzarta asarar. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen da ake sabunta masa. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tashi, ba mai yi masa yaɓe, damina kaɗan ta isa ta shafe zanen da ya kwana shekaru. Maginin da ya tsira ya koma gari, inda ba a tambayarsa komai sai jera bulo.

Ɗaukar hoton abin da ya rage yana da amfani, amma hoto ba ya koyar da yaro. Abin da ke raya gwani shi ne a ba shi aiki a biya shi. An gwada wannan a ƙetaren iyaka. A jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama da ƙasa a 1962, kuma a 1986 aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan da sunansa. Shekaru bayan haka, a garin Dandaji, masu tsara gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka karɓi wani tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, sai aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa, aka kuma nemo maginan gargajiya suka shiga gyaran tare da ma'aikatan zamani. An kammala aikin a 2018. Katsina tana da makarantu da ɗakunan karatu da zaurukan hakimai da ake ginawa kowace shekara da kuɗin jama'a, kuma har yanzu akwai dattawan da suka iya tayar da bakan gizo a Malumfashi da Funtuwa da Katsina, da yaran da za su so su taka musu kwaɓi in sun ga sana'ar tana ciyar da mai ita.