Jaguar: silimar abokai ukku da suka tafi bida

Yau wata silima za mu duba tare. Sunanta Jaguar. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauke ta a 1954, amma ba ta fito ba sai 1967. Tsawonta wajen awa ɗaya da rabi. Samarin da ke cikinta ba Adarawa ba ne. Duk da haka, wanda ya taɓa raka ɗansa ko ƙanensa tashar Tawa bayan an gama aikin hatsi zai gane labarin tun daga farko.

Abokai ukku ne daga Ayoru, bakin gulbi, kusa da iyakar Mali. Lam makiyayi ne, Illo masunci, Damure kuwa mai rubuta ma mutane wasiƙa. Suka ɗaura niyyar zuwa Gwal Kwas, ƙasar da ake ce ma Gana tun 1957. Da ƙafa suka kama hanya. Suka ratsa Dahome, wato Benin ta yau, har suka ga teku. Da suka iso iyaka ba su da takardu, sai suka zagaya ta bayan 'yan duwan.

Ga yadda aka yi aikin. Na'urar Rouch hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar murya. Sai daga baya aka zaunar da samarin, aka nuna masu hoton, suna kallo suna magana, ana ɗaukar muryarsu. Shi ya sa silimar take kamar hirar dandali: wannan ya yi ba'a, wancan ya ƙaryata shi, a yi dariya. Nan daɗinta yake. Ba Bature ba ne yake gaya mana yadda baƙar fata yake ji in ya bar gida. Masu tafiyar ne da bakinsu. Illa ɗaya, mafi yawan hirar da Faransanci ne. 'Yan bida da aka yi silimar a kansu, kaɗan ne cikinsu za su ji ta in babu mai fassara.

Wurin da ya fi tsaya mani a rai shi ne ƙasar Somba, cikin duwatsun Atakora, yankin Natitingu. Abokan sun hau dutse, suka tarar da mutane ba riga ba wando, suna harkarsu hankali kwance. Gidajensu na laka ne, masu bene, kamar ƙaramar ganuwa: bisashe a ƙasa, rumbu da wurin kwana a sama. Samarin suka yi mamaki, suka soma zunɗe. Sai Damure ya kwaɓe su, ya nuna masu cewa mutanen kirki ne, haka Allah ya so su, bai kamata a yi masu dariya ba.

Wannan magana ta yi kyau, kuma mu Adarawa mun san nauyinta. Mu ma mutanen dutse ne. Ɗan Keita ko ɗan Buza da ya sauka Abijan ko Legas ya san yadda ake kwaikwayon Hausarsa, ana kiransa baƙauye. Amma ku lura da abu guda. A duk wannan wuri babu Basombe ɗaya da aka ba baki. Ba mu ji sunan kowa ba. Ba mu ji abin da suka ce da ganin baƙi ukku da Bature mai na'ura ba, alhali ƙila su ma dariya suka yi. An tausaya masu, ba a tambaye su ba. Ko sunan Somba ma maƙwabta suka laƙaba masu. Masu irin waɗannan gidaje suna kiran kansu Batammariba. Gidajen nan da aka wuce da sauri, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, na Togo a 2004, na Benin a 2023.

Da suka shiga Gwal Kwas sai suka rabu. Illo ya yi dako a bakin teku a Ankara. Lam ya nufi Kumasi. Damure ya sami aiki wurin 'yan katako, kuma da yake ya iya karatu da lissafi, ba a jima ba aka ɗora shi bisa sauran lebura. Nan ya sa tabarau, ya riƙa taku ɗaiɗai yana busa taba. Shi ne “jaguar”, sunan wata mota ta Ingila da aka mayar sunan ɗan gaye. Mu da ke koyon baƙi, mu dubi wannan wuri da kyau. Alƙalami ya ɗaga Damure, gaskiya ne. Amma da ya hau, tsawa ya riƙa yi ma waɗanda jiya suke ɗaukar katako tare. Silimar ba ta ɓoye wannan ba, kuma na yaba mata.

Daga baya suka haɗu a kasuwar Kumasi, suka kafa tebur suna sai da tarkace. Da damina ta matso suka koma gida, suka rabar da tsarabar cikin ɗan lokaci, hannu ya koma wayam. Wannan kam kowa ya san shi a Adar.

Inda na fi samun silimar da laifi shi ne ta sa bida ta yi zaƙi da yawa. Ba wanda ya kwanta ciwo a ɗakin haya. Ba wanda ya shekara biyar ba wasiƙa don kunyar dawowa hannu sake. Shekara 2 kacal bayan fitowarta, a 1969, gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana. Najeriya ta yi irin wannan kora a 1983. Rouch bai san gaibu ba, ba za mu kama shi da abin da bai zo ba tukuna. Amma waɗanda aka bari gida fa? Su suna nan tun 1954. Na'urar ta bi maza har teku, ba ta tsaya wurin matar da ke auna sauran hatsin rumbu da tiya ba. Mu mun san wannan rabin labarin. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Keita a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu, don maza suna bida.

Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941, yana injiniyan hanya, kuma nan ya haɗu da Damure Zika. Abotarsu ta wuce shekara 60. A jiharmu ajali ya same shi: haɗarin mota kusa da Birnin Ƙwanni, ran 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86. An binne shi a Yamai. Damure ya rasu a 2009.

In kun sami silimar, ku kalle ta a taro, ku zaunar da mai jin Faransanci kusa yana fassara. Ku kira tsofaffin da suka yi Kumasi ko Abijan, su faɗi inda aka yi daidai da inda aka yi ƙari. Mata kuma da suka yi jira, ku rubuto mana da hannunku: wata nawa ya yi, me ya aiko, me kuka ci kafin ya dawo. Ko layi biyar ne, ku ba malamin ajinku ya kawo.