Jinjina ga masu gyaran kwamfuta

Ranar da kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙi tashi, ka danna maɓalli ka ji shiru, ranar ake sanin darajar mai gyara. Malamin makaranta a Agiye, sakataren magajin gari a Gazawa, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da kundinsa ke ciki, duk gabansa suke zuwa hankali tashe.

Shi kuwa ba ya gaggawa. Zai zare caja, ya cire batir, ya danne maɓallin kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar ta fita. Ya ɗora mita kan caja ya ga ko tana ba da volt 19 ɗin da galibin kwamfutocin ke buƙata. Sai ya kwance bayan kwamfutar, ya jera ƙananan kusoshi cikin murfin kwalba, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ya ciro RAM ya goge ya mayar. Sau da yawa nan take farfaɗowa, kuma mai amana zai gaya maka gaskiya, ya karɓi kuɗi kaɗan.

In abin ya kai ga allon ciki, ya duƙufa da dalma har dare, ko ya aika Kano a sayo masa kayan gyara. Allah ya yi wa hannuwan nan albarka.