Mai Zama da Tsoho a Bakin Komadugu

Idan lokacin tsinkar tattasai ya kama a bakin Komadugu, daga Diffa har Geskeru, gida kan watse tun kafin hantsi. Akan bar mutum guda, yawanci suruka ko jika, tare da tsohon da gigin tsufa ya kama. Sai ka ji ana cewa zaman gida kawai take yi. Wallahi aikinta ya fi na gona wuya.

Gigin nan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ko iska ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55. A Japan, tun shekarar 2000 inshorar tsofaffi ke ɗaukar yawancin kuɗin cibiyoyin yini, inda ake kai tsoho da safe a maido shi da yamma. Abin da ake koya wa ma'aikatan can, matan nan da haƙuri da lura suka gano shi.

Gwanar zama da tsoho ba ta musu. Baba zai miƙe ya ce zai tafi Bosso gaida mahaifiyarsa, wadda ƙasa ta daɗe da rufe wa ido. Ba za ta ce masa ta rasu ba, don zai ji mutuwar sabuwa fil. Sai ta ce, "To Baba, bari rana ta yi sanyi. Wace miya Inna ke yi muku?" Yana cikin labari ta tura masa faifan wake ya ɓare, domin hannu ba ya saurin manta abin da ya saba. In Hausar da ya koya a kasuwa ta suɓuce masa, ta koma Barbarcin da aka yi masa tun yana goye.

La'asar sakaliya ce lokacin tashin hankali, musamman ga waɗanda hare-haren da suka faro a 2015 suka raba da garuruwansu, ƙofa da rariya duk baƙi ne a idonsu. Kafin sannan ta ba shi ruwa, ko bai nema ba, ta kai shi ya yi alwala, ta miƙa masa carbi, ta zauna daidai inda zai riƙa ganin fuskarta. Ta kuma riga ta sanar da maƙwabta da mai shagon bakin hanya: in sun hango Baba ya nufi kogi, kada a daka masa tsawa, a gaishe shi, a jero tare a biyo da shi gida.