Yinka Shonibare: Gwanin da Ya Sa Atamfa Ta Yi Magana

Duk wanda ya ga aikin Yinka Shonibare bai ce tubarkalla ba, to bai duba da kyau ba! An haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas. Yakan ƙera mutum-mutumi mai girman mutum, ya sa a ɗinka masa suturar attajiran Turai na ƙarni na 18 da na 19, amma da atamfa, sannan ya bar shi ba kai. Ba fuska, ba ido, sai gangar jiki da tufa. Kuma wallahi tufar kaɗai ta isa ta gaya maka ko wane ne.

Aikinsa da ya fi sace mini zuciya shi ne matar nan da ke kan lilo, wadda ya yi a 2001, yanzu tana hannun gidan adana fasaha na Tate. Ya ɗauko ta ne daga wani zanen Fragonard, Bafaranshen ƙarni na 18. Ga ta a sama, ta ɗaga ƙafa, takalminta ɗaya ya suɓuce yana shawagi. Rigar ta matse ƙugu tsam, siket ya buɗe ya sha iska, tattara bisa tattara. Da ɗinkin nan kawai za ka gane yanga da gata da rashin damuwa da talaka. Rashin kan kuwa tuni ne da yadda aka fille kawunan masu sarauta a juyin juya halin Faransa. Kai, wannan hikima da yawa take!

Sai kuma aikinsa na 2003 kan rabon Afirka: maza 14 cikin kwat ɗin atamfa, sun kewaye tebur mai taswirar nahiyar, kamar taron da Turawa suka yi kan rabon a Balin daga 1884 zuwa 1885. Wannan ya miƙa hannu, wancan ya jingina da isa. Kafaɗa da hannun riga kawai sun fallasa haɗamarsu.

Zaɓen yadin ma gwaninta ce. Atamfar da muke alfahari da ita a lefe, 'yar Holan, asalinta kwaikwayon rinin batik ne na Indunusiya. Masana'antun Holan da Manchester suka buga ta, Afirka ta Yamma ta rungume ta har ta zama tata. Shonibare kuwa a kasuwar Brixton ta Landan ya saba sayen tasa.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne, tun yana ɗan shekara 18 ciwon laka ya shanye masa ɓarin jiki. Shi ke tsara komai, teloli da masassaƙa su aiwatar. Mutumin da ya san ciwon jiki haka, shi ya fi kowa sanin yadda tufa ke ɗaga jiki ko ta ɗaure shi.

Telolinmu da ɗaliban zane, don Allah ku nemi hotunan ayyukansa ku ƙare musu kallo. Za ku koma kan keke da allo da sabuwar zuciya!